Yadda ake kare huhun wanda ya sha Dettol, Izal ko Hypo, tun daga gida har asibiti

Jama'a in yaro ko babba ya sha Dettol ko Izal ko Hypo a gida, hankalin kowa kan ciki yake tafiya, a yi maza a fito da abin kafin ya yi ɓarna, shi ya sa za ka ga an ruga an ɗauko manja, wata ta taho da madarar gwangwani, wani kuma har ya zura masa yatsa a maƙogwaro. To ni abin da nake so ku riƙe shi ne, sau da yawa ba cikin ne yake kai mutum lahira ba, huhu ne. Abin da aka sha in ya zauna a ciki yana iya yin illa tabbas, amma in ya dawo sama da amai ya kauce hanya ya faɗa hanyar iska, nan ne magana take canzawa, mutumin da zai iya komawa gida washegari sai ka ga an kwantar da shi ana sa masa oksijin ana fama da numfashi.

Kafin mu shiga matakan bari mu fahimci yadda abin yake faruwa, don in ka gane dalili ba za ka manta da abin yi ba ko da a ruɗe kake.

A maƙogwaron mutum hanya biyu ce, ɗaya ta abinci da ke zuwa ciki, ɗaya ta iska da ke zuwa huhu, kuma bakinsu a kusa da juna yake sosai. Akwai wani ɗan marfi da ke rufe ta iskar duk lokacin da ka haɗiyi abu, in kuma wani abu ya kuskure ya wuce sai tari ya taso ya koro shi, wato dai ƙwarewar da muka sani in mutum na shan ruwa yana magana. Wannan marfi da tarin kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, matuƙar idonsa biyu babu mai shiga. Matsalar waɗannan magungunan tsaftar ita ce suna sa mai gadin barci, kuma a lokaci guda suna tayar da amai.

Ɗauki Dettol na ruwa, wanda kusan babu gidan da babu shi musamman gidan mai jego. A cikinsa akwai sinadarin chloroxylenol kashi 4.8 cikin 100, da man pine, da wata irin barasa da ake kira isopropyl, da sabulu. Haɗin nan yana ƙona baki da maƙogwaro ya kumbura su, yana sa mutum gyangyaɗi har suma in ya sha da yawa, ga shi da kumfa, in ya taho da amai kumfar nan ba ta da wuyar shiga hanyar iska. Likitoci a Hong Kong sun buga wani bincike a 1993 kan mutum 67 da suka sha Dettol, sun samu kusan 8 cikin 100 sun shiga mummunan hali, kuma abubuwan da suka lissafa kusan duk na numfashi ne, Dettol ɗin da abin cikin ciki sun shiga huhu sun jawo nimoniya, wato ciwon kumburin huhu, hanyoyin iska sun tsuke, maƙogwaro ya kumbura ya toshe, har da tsayawar zuciya. Izal kuma dangin wani sinadari ne da ake kira finol, shi ma yana sa barci, yana kashe jin zafi a inda ya taɓa har mutum ya ƙone bai sani ba, yana taɓa ƙoda, kuma ta fata ma yana shiga jiki. Hypo da Jik na gida ba su kai waɗannan ƙarfi ba, kurɓi ɗaya galibi zafin baki ne da tashin zuciya, amma fa suna sa amai. Harpic na wanke masai asid ne, ita kuma sodar da mata ke haɗa sabulu da ita a gida ta fi su duka mugunta wajen ƙuna. Kananzir ba maganin tsafta ba ne amma dole in sako shi, don a wajen shiga huhu ya fi kowa, ɗan kaɗan ya isa, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya shafe shi.

Mataki na farko, ka dubi mutumin kafin ka dubi kwalbar

Raba shi da kwalbar, ka ɗaga shi daga inda abin ya zube, a buɗe taga da ƙofa. Sai ka kira sunansa da ƙarfi, ka ɗan girgiza kafaɗarsa. Abu uku kake nema, yana amsawa da hankalinsa, yana numfashi, kuma muryarsa tana fita kamar yadda aka saba. Yaron da ke tsala ihu da cikakkiyar murya wallahi ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya yi shiru ya langaɓe, don mai ihu hanyar iskarsa a buɗe take.

In idonsa biyu, a ba shi ruwa ya kurkure baki ya tofar, kar ya haɗiye. Ƙaramin yaro da bai iya kurkura ba a jiƙa tsumma mai tsafta a goge masa leɓe da gefen baki. Kayan da abin ya jiƙa a cire su, a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu, musamman in Izal ne, kai mai taimakon ma ka sa leda a hannu in babu safar hannu. In ya shiga ido a riƙa kwarara ruwa mai tsafta a hankali na minti 15 zuwa 20, amma a kula kar ruwan ya riƙa gangarawa hanci da baki. Ana wannan wani ya tafi neman abin hawa, ba sai an gama ba.

Mataki na biyu, kar a sa shi amai, ko ta wace hanya

Nan ne rigimar take, don nan ne za ka yi karo da manya. Kaka za ta ce tun kafin a haife ka ake ba da manja kuma yara suna tashi. Gaskiya ne wasu sun tashi, amma yawancinsu ko ba a ba su komai ba da ma za su tashi, saboda abin da suka kurɓa kaɗan ne, ɗacin ya sa sun tofar. Waɗanda manjan ya shiga huhunsu kuwa ba a cika danganta abin da manjan ba, sai a ce ai gubar ce ta yi ƙarfi.

Ka duba lissafin da kanka. Abu mai ƙuna ya bi maƙogwaro sau ɗaya ya sauka, ka sa an yi amai ya sake bin hanyar karo na biyu ya ƙara ƙona inda ya riga ya ƙona, kuma a wannan karon yana tahowa da ƙarfi, haɗe da ruwan ciki mai tsami da guntun abinci, a daidai lokacin da yaron yake kuka yana jan numfashi, an danne shi an toshe masa hanci ana ɗura masa abu. Shi kansa manja ko man gyaɗa in ya shiga huhu wata cutar ce daban, huhu ba ya iya fitar da mai cikin sauƙi, sai ya zauna ya jawo kumburin da zai ɗauki makonni. Kuma duk aman da za a yi ba ya fitar da abin duka, wani kaso ne kawai, to an sayi babban haɗari don ƙaramar riba.

Don haka ba manja, ba man gyaɗa, ba man shanu, ba ɗanyen ƙwai, ba yatsa ko cokali a maƙogwaro. Ruwan gishiri kuwa don Allah a yi nesa da shi, gishiri mai yawa shi kaɗai yana iya sa yaro jijjiga ya kashe shi. Madara da nono ba sa karya guba, cika ciki kawai suke yi su sa aman ya fi yawa. Haka masu cewa tunda asid ya sha a ba shi kanwa, ko tunda soda ce a ba shi lemon tsami ko tsamiya, haɗuwar biyun zafi take fitarwa a cikin ciki ta ƙara ƙuna. Gawayin murhu da ake dakawa shi ma ba shi ne na asibiti ba, na asibitin ma ba a ba da shi ga wanda ya sha abu mai ƙuna ko kananzir, ko wanda yake gyangyaɗi.

Ba wai al'adarmu kaɗai ce ta yi wannan kuskure ba fa. A Amurka shekaru da yawa iyaye suna ajiye wani ruwan magani mai sa amai a gida da shawarar likitoci, sai a 2003 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ce a daina. To in su sun sauke nasu, mu ma babu abin kunya mu sauke manja.

Maganar rubutu da ruwan addu'a, a yi addu'a sosai, a yi tofi, a yi ta yi har a isa asibiti, amma a shafa a jiki, kar a ɗura a bakin wanda hankalinsa bai cika ba. Haka ɗabi'ar nan ta watsa wa wanda ya suma ruwa a fuska ko a buɗe bakinsa a zuba, wanda ya suma ba ya haɗiya, ruwan huhu zai tafi kai tsaye. In ka rasa yadda za ka shawo kan manya, ce musu likita ya hana a ba shi komai sai an duba shi, ka ɗauki yaron ka yi gaba, bayani ya biyo baya.

In aman ya zo da kansa fa? Kar a hana shi, kar a toshe baki. Mai hankalinsa ya zauna ya sunkuya gaba kai ƙasa, ƙaramin yaro a kifa shi a kan cinya fuska na kallon ƙasa, kansa ya ɗan fi ƙirjinsa yin ƙasa, a bar abin ya zubo, a goge baki. Wanda ba shi da ƙarfi a juya shi gefe nan take.

Mataki na uku, kwanciya

Wannan shi ne aikin da ya fi komai amfani da za ka iya yi da hannunka, kuma kyauta ne. Wanda idonsa biyu a bar shi a zaune, ya ɗan karkata gaba, in yawu na zuba a bar shi ya zuba, kar a ce ya haɗiye. In da kansa ya zaɓi zama ya ƙi kwanciya saboda numfashi, kar a tilasta masa, jikinsa ya san abin da yake yi.

Wanda yake gyangyaɗi ko magagi ko ya suma amma yana numfashi, ba a barinsa a rigingine ko na minti ɗaya. A rigingine harshe yana faɗawa baya, amai kuma ya taru a maƙogwaro ba shi da wajen zuwa sai hanyar iska. Ga yadda ake juya shi. Ka durƙusa a gefensa na hagu. Hannunsa na hagu ka miƙar da shi gefe. Hannunsa na dama ka ɗauko ka ɗora bayan hannun a kuncinsa na hagu ka riƙe. Da ɗaya hannunka ka kama gwiwarsa ta dama ka tanƙwara ta, sai ka jawo gwiwar zuwa wajenka, za ka ga duk jikin ya biyo ya kwanta a kan haƙarƙarin hagu ko da ya fi ka nauyi. Gwiwar da ka tanƙwara ita za ta tokare shi kar ya kife. Sai ka ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, bakin kuma ya ɗan kalli ƙasa yadda duk abin da ya taho zai gangaro waje. Kar a sa masa filo mai tudu. An fi son hagu saboda yadda ciki yake zaune a jiki, kuma mai juna biyu dama hagun ne ya dace da ita, amma in wuri bai ba da dama ba ko wane gefe ya fi rigingine. Jariri a rungume shi a hannu ta gefe, kai ya ɗan yi ƙasa.

Abin da kake gani a bakin ka share da tsumma a naɗe a yatsa, wanda ba ka gani kar ka zura hannu nemansa, za ka tura shi ciki ne ko ka tayar da amai. Tsoho mai haƙoran roba a cire masa. In jijjiga ta zo kar a cusa cokali ko tsinke tsakanin haƙora, a kawar da abin da zai buge shi, tana lafawa a juya shi gefe.

In kuwa ba ya numfashi sam, ko sai wani jan iska jefi-jefi kamar shaƙuwa, nan ne kaɗai ake mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. In bakinsa duk sinadari ne ka tsaya a kan dannawar kawai. Wani ya kira lambar gaggawa 112, amma kar a zauna jiran mota in akwai wata a kusa.

Mataki na huɗu, ka san alamun cewa abin ya taɓa hanyar iska

Tari tun a farko, ko ƙwarewa lokacin sha ko lokacin amai, wannan alama ce babba ko da daga baya ya lafa. Sai numfashi da sauri. Ka ɗaga riga ka ƙirga sau nawa ƙirji ke tashi a cikakken minti ɗaya da agogon waya, lokacin da yaron ba ya kuka. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, to ya yi sauri, wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne da ake amfani da shi wajen gane nimoniya. Babba kuma a zaune lafiya bai kamata ya wuce 20 ba. Ka duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko hanci na buɗewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi. Mu masu duhun fata ba a cika gane canjin launi a fuska ba, don haka ka duba harshe da cikin leɓe, in sun yi toka-toka ko shuɗi iska ba ta isa.

Akwai wasu alamun da suka fi waɗannan gaggawa, su ne na kumburin maƙogwaro. Murya ta dishe, ko kukan yaro ya canza ya zama siriri, ko wata ƙara mai kaifi lokacin jan iska ciki, ko yawu na dalala ya kasa haɗiyewa. Wannan hanya ce take tsukewa, kuma tana iya rufewa gaba ɗaya. Abin tsoron shi ne ba lallai ta zo nan take ba, an ruwaito waɗanda suka sha Dettol da maƙogwaronsu bai toshe ba sai bayan kusan kwana biyu. To kalmar nan ta ai ya warware ga shi yana wasa, a yi hattara da ita.

Barcin ma haka. Yaro ya sha kuka ya gaji zai yi barci, amma kai ba ka da hanyar bambance barcin gajiya da na guba sai ta tashinsa, in ka tashe shi bai farka sosai ya gane ka ba, ba gajiya ba ce.

Mataki na biyar, tafiya asibiti

Ni a ganina duk wanda ya sha Dettol ko Izal ko Harpic ko soda ko kananzir a kai shi a duba, ko yaya yawan yake, tunda da wuya a san nawa yaro ya haɗiya. Wanda ya yi tari, ko amai, ko gyangyaɗi, ko ya sha da gangan, wannan ba shawara a ciki, tafiya ce yanzu.

Kar a tsaya a kemis. Ba raini ba ne, mai kemis ba shi da oksijin, ba shi da injin zuƙe majina da amai, ba zai iya sa robar numfashi ba, kuma waɗannan ukun su ne ake buƙata in abu ya ɓaci. A nufi babban asibiti mafi kusa, sashen imajansi. In abin ya yi tsanani asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri su ne ke da ɗakin kulawa ta musamman, amma kar a wuce asibitin kusa da mutum yana fama da numfashi don a kai shi na nesa, a fara tsayawa a daidaita shi sannan su tura.

A cikin mota ko adaidaita sahu a ci gaba da kwanciyar gefen nan a kujerar baya, mutum ɗaya ya zauna wajen kansa aikinsa kawai kallon fuska da riƙe haɓa. Uwa kar ta goya yaron a baya ta rufe da hijabi, zai iya yin amai ya shaƙe ba ta sani ba, a riƙe shi a gaba fuska a buɗe. Babur ba wajen mai gyangyaɗi ba ne, in babu yadda za a yi sai shi, to wani ya zauna a baya ya riƙe shi kansa a karkace gefe yana kallon ƙasa. A tafi da kwalbar a ɗaure a leda, ko a ɗauki hotonta gaba da baya a waya, in kuma a gorar lemo aka juye abin a tafi da gorar haka nan.

Mataki na shida, abin da za ka faɗa da abin da za ka gani a asibiti

Kana shiga ka faɗi abin da ya sha da kuma halin numfashinsa a jimla ɗaya, kar ka tsaya layin kati da mai gyangyaɗi, ka samu nas ka nuna mata. Za su so sanin me ya sha, ƙarfe nawa, kamar nawa ya ragu a kwalbar, tsantsa ne ko an sirka da ruwa, ya yi amai sau nawa, ya yi tari, sannan me aka ba shi a gida. Wannan ta ƙarshen ita mutane ke ɓoyewa don tsoron faɗa. Don Allah ku faɗa, in an ba da manja a ce an ba da, faɗan nas na minti biyu ne, amma sanin hakan yana canza abin da likita zai sa ido a kai.

Za su maƙala masa ɗan abin nan a yatsa mai auna iskar jini, su saurari ƙirji, su leƙa baki, in da buƙata a sa oksijin da ƙarin ruwa. Hoton ƙirji na farko yana iya fitowa lafiya lau alhali abin ya shiga, don canjin yakan ɗauki awanni kafin ya bayyana, shi ya sa ake riƙe mutum a sa masa ido aƙalla awa 6 ko da ya yi kama da mai lafiya, mai alamu kuma a kwantar da shi. Kar a matsa a ce a sallame mu tunda hoto ya yi kyau.

Sai maganar wankin ciki. Dangi da yawa in ba a zura tiyo an wanke ciki ba gani suke ba a yi musu aiki ba, har su yi ta ƙorafi. Tun 1997 manyan ƙungiyoyin masana guba na Amurka da Turai suka fitar da matsaya cewa ba kowa za a riƙa yi wa ba, kuma ba a yin sa ga wanda ya sha abu mai ƙuna ko kananzir, ko wanda hankalinsa ya ragu ba tare da an fara kare hanyar iskarsa ba, saboda tiyon kansa yana tayar da amai. Likitocin Hong Kong ɗin nan ma abin da suka ja kunne a kai kenan. To in likita ya ce ba zai wanke ba, ya san abin da yake yi. In kuma aka ce za a wanke wa mai gyangyaɗi, kana da damar tambaya cikin ladabi, likita yaya za a kare huhunsa. Haka in suka ce za su sa masa robar numfashi a maƙogwaro, kar a ɗauka an gama ne a hana, sau da yawa ana sa ta ne tun kafin kumburi ya rufe hanya, in kumburin ya sauka a cire. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba kowa ake ba ba, kumburin farko na ƙunar sinadari ne, sai in alamun ƙwayoyin cuta sun biyo baya.

In babba ne ko budurwa ko matashi ya sha da gangan, galibi abin da aka sha ya fi yawa, haɗarin suma da shiga huhu ya fi girma, kuma wataƙila an haɗa da wasu ƙwayoyi, to a duba ɗakin a kwaso duk fakitin da aka gani. A gaya wa likita gaskiya a keɓe, rufin asirin da zai sa a yi maganin da ba daidai ba ba rufin asiri ba ne. Ba lokacin zagi ko gori ko wa'azi mai zafi ba ne, mutum ne da damuwa ta fi ƙarfinsa, kar a bar shi shi kaɗai, kuma kafin a sallame shi a nemi ya ga likitan da ke kula da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Bayan an dawo gida

Kwana biyun farko a sa ido sosai, da dare wani ya kwana kusa da shi, a kwantar da shi ta gefe. Abinci sai likita ya ce a fara, a fara da ruwa kurɓi-kurɓi yana zaune, sai kunu ko koko mara zafi, ban da yaji da tsami, ban da ɗura. In yana ƙwarewa duk lokacin da ya sha abu a dakata a koma. Zazzaɓi, tari mai ƙaruwa, numfashi da sauri, ciwon ƙirji, dishewar murya, aman jini ko baƙin bayan gida, fitsari ya ragu ko ya yi duhu musamman bayan Izal, kowane ɗaya daga ciki a koma asibiti ko tsakar dare ne.

Kwalaben kuma a ɗaga su sama ko a kulle, kar a bar su a bayan ƙofar banɗaki ko ƙarƙashin gado. Masu sayen Izal da Hypo na awo a gorar ruwa ko ta lemo, nan ne yara da yawa ke faɗawa, ga Dettol da Izal in an sirka su da ruwa fari suke komawa, yaro ya gani a kofi ya ɗauka abin sha ne. Tsofaffi masu rikicewar tunani da masu raunin gani su ma a lura da su. Kuma kar a haɗa Hypo da Harpic wajen wanke banɗaki, iskar kulorin mai guba suke fitarwa, ita ba sai an sha ba take kama huhu.

Wanda ya sha soda ko asid akwai sauran aiki ko da ya warke sarai, don ƙunar hanyar abinci in tana warkewa takan yi tabo ta tsuke, kuma hakan yakan bayyana ne bayan mako uku zuwa wata biyu. In aka ga ya fara ƙin tuwo sai kunu, ko abinci na tsaya masa a ƙirji yana dawowa, ko yana ramewa, a mayar da shi a gaya musu abin da ya sha da ranar da ya sha, za su leƙa da kyamara su ga ko hanyar na buƙatar a buɗa ta.